Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Da shugabanni suka sanar da mu cewa maƙalar wannan makon tamu ce, mun yi niyyar kawo wani abu a kan yadda ake buɗe labari. Sai ɗayanmu ya ce wanda ake bi bashi ba ya fara rabon sadaka. Akwai bashin da zauren nan yake bin mu tun damunar bara, kuma ya fi kyau mu biya shi a inda muka ci shi.

Waɗanda suka daɗe a nan za su tuna wani hoto da muka ɗora cikin watan Agusta: wasu 'yan abubuwa masu rassa, tsawon ɗan yatsa, sun tsiro a gindin kututture. A ƙarƙashin hoton muka rubuta cewa wannan shi ne "naman murjani", muka ce sunansa a kimiyyance Clavaria, muka ƙara da cewa a wasu ƙasashe cinsa ake yi. An yi ta yabo, an yi ta turawa gaba, har wani ya ce mun ƙara wa Hausa kalma. To, sunan ba nasa ba ne, dangin da muka jingina shi gare su ba su san shi ba, maganar ci kuwa ita ce mafi muni. Ga yadda abin ya faru.

Mu uku ne. Duk Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa a teburin wani mai shayi da ke wani lungu kusa da titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi, kowa ya karanta abin da ya rubuta a makon, sauran biyun su yi masa tatas. Wannan Lahadin kwana uku ke nan ana sheƙa ruwa, lungun ya zama tafki, mai shayi bai fito ba. Sai muka koma gidan kakar ɗayanmu a Tarauni, can bayan kasuwa, wadda dukkanmu muke kira Inna. A bayan ɗakinta akwai kututturen wata darbejiya da aka sare shekara biyu da suka wuce saboda saiwarta tana tsaga katanga. A gindinsa, ta ɓangaren da rana ba ta leƙawa, muka gan su. Sun fi talatin, a tsattsaye kamar an dasa. Ƙasan baƙi ne, saman fari fat kamar an barbaɗa alli, kowane ya rabu biyu ko uku a kai kamar 'yar gwafa.

Biyu daga cikinmu difloma muka yi a kimiyyar ɗakin gwaji, saboda haka muna jin in dai maganar irin waɗannan halittu ce, mu ne malaman unguwa. Muka ɗauki hoto, muka ba waya ta nemo mana masu kama da shi. Ta kawo hotuna rututu, fari da rawaya da ruwan hoda, duk masu rassa, waɗanda Turawa ke kira da sunan murjanin teku. Muka zaɓi wanda ya fi yi mana kama, muka fassara sunan, muka ɗora. Duka-duka bai ɗauke mu minti goma ba.

Dab da magariba Inna ta fito da buta, ta same mu a tsugune.

"Kai mai gidan, me kuke leƙe a bayan ɗaki tun ɗazu?"

"Inna, naman murjani muka gano."

Ta ajiye butar ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta koma ɗaki, ta buɗe tsohon akwatinta, ta fito da wani zaren murjani da ta ce tun na lefenta ne. Jajaye ne sumul, an huda kowane an zura.

"Ga murjani. To ina jan a naku, ina hudar?"

Muka shiga yi mata bayani cewa kafin a yanka shi a goge, murjani a ƙarƙashin teku rassa gare shi kamar ƙaramar bishiya, daga Bahar Rum fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa teku ba, kuma ba ta jin masu karanta mu sun je. Sannan ta sunkuya ta tsinki ɗaya, ta ja shi tsakanin yatsunta. Bai karye ba, sai lanƙwasa kamar jijiya.

"Wannan ai itace ne. Naman kaza da muke tonowa a gindin suri muna yara, in ka ja shi tsagewa yake kamar tsokar kaza. Wannan ko akuya sai ta gaji da tauna. Ba dai kun ce wa mutane a ci ba?"

Muka kalli juna. Ɗayanmu ya duba waya, sai ga wata 'yar uwa a zauren nan ta rubuta cewa akwai mai kama da shi, ruwan ƙwai, a ƙarƙashin mangwaron gidansu, gobe in Allah ya kai mu za ta gwada shi a miya. Da aka karanta wa Inna, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Ku neme ta yanzu, kafin ku yi salla ma." Muka aika saƙo, muka sake aikawa, shiru. A daren nan babu wanda ya yi barcin kirki a cikinmu. Sai bayan asuba amsa ta zo: mahaifiyarta ta riga ta share abin ta zubar, ta ce ba a tukunyarta ba. Allah ya saka wa wannan uwa da alheri.

Daga nan muka yi abin da har yau muke jin kunyarsa. Muka shiga a ɓoye muka goge jimlar da ta ce ana ci, muka bar sunan da hoton da yabon da aka yi mana. Waɗanda suka riga suka tura gaba, da jimlar suka tura.

Ranar Litinin muka naɗe guda biyar a takarda muka kai wa wani malaminmu na zamanin difloma. Ya sansana, ya goga farin a yatsa ya ga ya kama kamar gari, ya sa reza ya tsaga ɗaya. Fatar baƙa, cikin fari mai tauri.

"Samari, wa ya ce muku Clavaria ne?"

"Waya ce, Malam."

"To wayar ta yi kuskuren da aka yi tun 1753, ku kuma kun yi na wayar. Ku bar sauran a jikin kututturen, kada a taɓa. Bai gama girma ba. In ya baƙanta gaba ɗaya ku kawo mini. Kafin nan ku je ku karanta tarihin sunan da kuka ara."

A wannan jiran ne muka yi karatun da ya kamata mu yi kafin mu ɗora hoto, kuma shi muke so mu raba da ku.

Da farko ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Mu muka zaɓe su, kuma ƙofar gyara a buɗe take. Masana suna jera halittu hawa-hawa. Na ƙasa shi ne iri. Ire-iren da suka fi kusa da juna ana haɗa su a gida ɗaya, gidaje su haɗu su zama dangi, dangogi su zama ƙabila, a yi ta hawa har a kai ga masarauta. Misali, rama da yakuwa iri biyu ne a gida ɗaya mai suna Hibiscus. Kuɓewa gidanta daban, amma danginsu ɗaya. Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko gida, ta biyu iri, kamar a ce wane na gidan wane, sai dai su gidan suke fara ambata.

Wanda ya kafa wannan tsarin suna shi ne Carl Linnaeus, mutumin Suwidin. A littafinsa na 1753 ya jera tsirran da ya sani, kuma a lokacin naman kaza da funfuna duk cikin tsirrai ake lissafa su. Sai a 1969 Robert Whittaker ya fito da tsarin da ya karɓu wanda ya ware musu masarautarsu daban. Linnaeus ya ga akwai wasu da ba su da laima, ba su da tsage-tsagen nan na ƙarƙashin laima, tsaye kawai suke kamar sanda ko kuma su yi rassa. Ya tara su a gida ɗaya mai suna Clavaria, daga kalmar Latin da ke nufin kulki. A 1826 wani Bafaranshe, François Chevallier, ya yi musu dangi mai suna Clavariaceae. Daga nan duk wanda ya tsinci abu mai siffar kulki ko rassa a dajin Turai ko Amurka ko Asiya, sai ya jefa shi gidan. A ƙarshe sunayen da aka rubuta a ƙarƙashin Clavaria sun haura 1,200. Gidan ya zama kamar gidan haya, kowa da inda ya fito, ƙofar shiga ce kawai ta haɗa su.

Mutumin da ya fi kowa wahala wajen tantance mazauna gidan nan Baturen Ingila ne, E. J. H. Corner. Ya isa Singafo a 1929 ya yi aiki a lambun binciken tsirrai na can. An fi saninsa da birai: a yankin akwai biran da ake horarwa su hau kwakwa su tsinko, shi kuma ya mayar da su masu tsinko masa ganye da fure daga ƙololuwar dogayen itatuwan daji. Da Jafan ta mamaye Singafo daga 1942 zuwa 1945, ya ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin tsaro. A 1950 ya fitar da littafi mai shafi sama da 700 a kan Clavaria da makusantansa, ya ƙara masa wani a 1970.

Dabarar Corner ita ce ya daina tsayawa a siffa. Abin da muke gani ya tsiro, ko laima ko kulki ko rassa, 'ya'ya ne kawai, kamar mangwaro a jikin bishiya. Ainihin halittar wasu siraran zarurruka ne da ke ratsa ƙasa ko ruɓaɓɓen itace suna ci, kuma da irin zaren aka saƙa 'ya'yan su ma. Corner ya riƙa sa allura yana warware naman a ƙarƙashin madubin likita, yana duba zaren: wannan bangonsa siriri ne ko mai kauri, iri ɗaya ne ko biyu aka haɗa, akwai ɗan ƙulli a gaɓarsa ko babu. Duk wanda ya taɓa raka babba sayen shadda a Kantin Kwari ya san aikin. Sheƙi na yaro ne, babba murzawa yake ya ji saƙar. Da wannan murzawar Corner ya rarraba gidan hayar zuwa gidaje da yawa. A Holan kuma Marinus Donk ya lura cewa 'yan gidan Ramaria, waɗanda su ne suka fi kowa kama da murjanin teku, ƙurar irinsu ruwan ƙasa-ƙasa ce mai kaushi, ba fara sumul irin ta Clavaria ba. A 1961 ya kafa wani dangi, Gomphaceae, aka kwashe su can.

Sai gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, ya zo. A 1999 masu bincike uku a Amurka, Elizabeth Pine da David Hibbett da Michael Donoghue, suka wallafa sakamakon da ya nuna cewa siffar kulki da rassa ba gadon kaka ɗaya ba ce. Sau da yawa ta ɓullo, a zuriyoyin da ba su haɗa kusanci ba. Ramaria ya tashi ɗan uwan wani naman kaza mai warin mushe da ke kiran ƙudaje su ɗebe masa iri, da wani mai buɗewa a ƙasa kamar tauraro. Gidan Clavulina ya koma wajen wasu masu siffar mazurari, ruwan ƙwai, waɗanda ake sayarwa a bakin titi a Zambiya da Tanzaniya da damuna. Wasu siraran masu kama da gashi, dangin Pterulaceae, aka ga gefensu daban, kuma a cikinsu akwai wanda wasu tururuwa a Kudancin Amurka ke nomawa a gidajensu, kamar yadda gararmu ke noma naman kazan da Inna ta ce suna tonowa a gindin suri.

Shi kuwa dangin Clavariaceae da aka fara da shi, ya rage 'yan gidaje kaɗan, irin su Clavaria da Clavulinopsis da Ramariopsis, kuma ya tabbata cewa a cikin babbar ƙabilar masu laima yake. Abin da ya fi ba mu mamaki, binciken da ya biyo baya ya shigo masa da baƙi. Wasu ƙananan masu laima sosai, da tsage-tsagensu, 'yan gidan Camarophyllopsis da Hodophilus, ashe jininsa ne. Ɗaya daga cikinsu ma warin ƙwayar kafur yake yi, irin wadda ake sa wa a akwatin kaya. Yau dangin da aka raɗa wa suna saboda kulki yana da 'ya'ya masu laima, mafi yawan masu kama da murjani kuma ba 'yan cikinsa ba ne.

Me ya sa baƙi da baƙi suka yi ta ɗaukar siffa ɗaya? Saboda buƙatarsu ɗaya. Aikin abin da ya tsiro shi ne ya saki ƙurar iri iska ta ɗauka, kuma gwargwadon faɗin fatarsa, gwargwadon yawan irin da zai saka. Mai laima ya ƙara faɗi da tsage-tsage a ƙarƙashi, wani ya ƙara da ramuka, wani kuma ya miƙe ya yi rassa. Hanyoyin kaɗan ne, masu nema da yawa, dole a yi ta haɗuwa a kan hanya ɗaya. Muna da misalinsa a shingen gonakinmu. Ƙerana ta yi kama da tsirran hamadar Amurka masu ƙaya da kaurin jiki, amma danginta su ne rogo da zurma da cini-da-zugu. Fari ne ya yi musu ɗinki iri ɗaya.

A nan ne maganar ci ta zama abin tsoro. Gaskiya ne ana sayar da wasu 'yan gidan Ramaria a kasuwannin Meziko da lardin Yunan na ƙasar Sin. Amma a gidan nan dai akwai Ramaria formosa, kyakkyawa mai ruwan hoda, da ke sa ciwon ciki da gudawa. Akwai kuma Ramaria flavo-brunnescens da ke fitowa a ƙarƙashin bishiyar turare a kudancin Barazil da Urugwai. Shanu da tumaki in suka ci, gashin jela ya zube, kofato ya kwaɓe, baki ya yi gyambo, da yawa su mutu. In 'yan gida ɗaya sun bambanta haka, ina ga waɗanda kama kawai ta haɗa? Mu kuwa da hoto ɗaya muka ce wa dubban mutane ana ci.

Wajen ƙarshen Satumba ɗayanmu ya kira ya ce abin ya baƙanta. Muka je muka tarar farin ya tafi, sun zama kamar ƙonannun tsinkaye, jikinsu ya yi ƙuraje-ƙuraje. Muka hau adaidaita muka kai wa Malam. Ya yanka siriri ta kan ƙurjin, ya ɗiga ruwa, ya danne da gilashi, ya daidaita madubi, ya ce mu leƙa ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka gani wasu dogayen jakunkuna ne, kowace da ƙwayoyi takwas masu duhu a jere, kamar wake a cikin kwasfa.

Malam ya ɗauki alli ya zana abu biyu a allo. Na farko jakar da muka gani. Na biyu ɗan kulki mai ƙahoni huɗu a ka, kowane ƙaho ɗauke da ƙwaya ɗaya a waje. Ya ce manyan rassan masarautar nan biyu ne, masu ajiye iri a cikin jaka da masu ɗora shi a kan kulki, kuma sun rabu tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Clavaria da Ramaria da duk masu laima 'yan kulki ne. Namu ɗan jaka ne, gidansa Xylaria, daga kalmar Girka da ke nufin itace. Muka tuna abin da Inna ta ce ranar farko, muka sunkuyar da kai.

"Kun san nisan da ke tsakaninsu?" in ji shi. "Abin nan naku ya fi kusa da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Clavaria kuma ya fi kusa da burtuntunar da ke ɓata zangarniyar dawa. Ko kusa ba ku yi ba."

Sannan ya gaya mana abin da ya sa ya ambaci 1753. A cikin waɗanda Linnaeus ya zuba a gidan Clavaria akwai wani baƙi mai farin kai da rassa da ya kira Clavaria hypoxylon. Daga baya aka fitar da shi, yau sunansa Xylaria hypoxylon. Wato ramin da muka faɗa, babban malamin da kansa ya faɗa shi. Sai dai shi bai da madubi irin na yau, bai da littattafan waɗanda suka zo bayansa, mu kuwa duk suna cikin wayar da muka yi gaggawa da ita.

Muka ce, "Malam, to namu shi ne hypoxylon ɗin?"

Ya girgiza kai. "Ire-iren Xylaria a ƙasashe masu zafi suna da yawa ƙwarai, wasu a itace, wasu a tsohon surin da gara ta tashi. Gidan na gane. Ɗakin kuwa sai an yi aikin da ya fi wannan, kuma ba zan ƙaga muku ba."

Wannan amsar ta fi duk abin da muka karanta zama a ranmu. Mutumin da ya fi mu sani nesa ba kusa ba ya tsaya daidai inda saninsa ya tsaya, bai ji ya ragu ba.

Da muka koma Tarauni muka ba Inna labari, muka ce ta ci gari. Don mu ɗan rama, ɗayanmu ya ce ko ta san cewa masana sun daɗe suna ware kuka a danginta daban, sai a ƙarshen shekarun 1990 gwajin DNA ya sa aka haɗa ta dangi ɗaya da kuɓewa da lalo da rama da auduga, har da goro?

"Sai yanzu suka sani? Duk wadda ta taɓa kaɗa miya ta san masu yauƙi 'yan uwan juna ne."

"To Inna, karkashi fa? Yana da yauƙi, amma ɗan uwan riɗi ne."

Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To shi agola ne."

Mun yi dariya, amma a hanyar komawa Gyaɗi-Gyaɗi maganar muka yi ta juyawa. Hannun Inna ya fi idonmu gaskiya, domin ita ta taɓa, ta ja, ta kwatanta da abin da ta sani tun ƙuruciya. Duk da haka hannun ma yana da inda yake kuskure. Ido ya ba da Clavaria, allurar Corner ta gyara, DNA ya gyara allurar, kuma ba mu jin an rufe littafin. Kowane mataki wani ne ya yarda ya ce wanda ya gabace shi, ko shi kansa, ya yi kuskure, ya rubuta hakan a inda kowa zai gani. Corner da kansa ya dawo bayan shekara ashirin ya yi wa littafinsa gyara da ƙari.

Ta ɓangarenmu na marubuta, kuskurenmu biyu ne. Na farko mun raɗa suna kafin mu san mai sunan. Na biyu mun ɗauko kamancen da wani ya gani da idonsa a ƙasarsa, muka sa masa rigar Hausa. Bature ya ce murjani ne domin ya san murjani da rassansa. A kunnen Bahaushe murjani jan dutsen wuya ne, ko kalmar da ya ji a Suratur Rahman. Wanda ya karanta "naman murjani" zai zana jan abu mai huda a ransa, ba zai taɓa gane abin ba ko ya taka shi. Shi kansa murjanin ma an daɗe ana lissafa shi cikin tsirrai saboda rassan nan, sai a ƙarni na 18 wani likita Bafaranshe, Peyssonnel, ya nuna cewa ƙananan dabbobi ne suke gina shi. Mun ari sunan abin da kama ta ruɗi mutane a kansa, muka liƙa wa wani abin da kama ta ruɗe mu a kansa.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan. Shekara nawa ana tara duk littafin da ya fito daga Kano a kira shi na soyayya, saboda bangonsa da girmansa da rumfar da ake sayar da shi? Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta ne, da yadda ta tsaya da ƙafarta, amma a kwando ɗaya aka zuba shi da sauran. In an yi mana haka mukan ce ba a karanta mu ba. Mu ma ba mu karanta kututturen Inna ba.

Saboda haka ga gyaranmu, a fili kamar yadda kuskuren ya fito a fili. Abin da ke hoton nan ɗan gidan Xylaria ne, ba Clavaria ba, kuma ba abinci ba ne. Mun janye kalmar "naman murjani". In ana son a ambaci masu wannan siffa, muna ganin "naman kaza mai rassa" ya wadatar, muddin marubuci ya faɗa wa mai karatu cewa siffa yake nufi, ba dangantaka ba. Duk wanda ya tura tsohon rubutun, muna roƙonsa don Allah ya tura wannan zuwa inda ya tura wancan. Kada kowa ya ci wani abu da ya tsiro a bayan ɗaki saboda hoto, ko namu ko na wani. 'Yar uwarmu da muka kusa jefawa cikin wahala, mun nemi afuwarta a keɓe, muna sake nema a gaban jama'a.

Muna kuma da roƙo. A Kano mun san naman kaza, mun san laimar kwaɗi. Na Katsina da Sakkwato da Zariya, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku tambayi tsofaffinku me suke kiran wanda ke fitowa a suri, da wanda ke fitowa a ruɓaɓɓen itace, da wanda ke fitowa a kan kashin shanu, da yadda suke bambanta su. Ku rubuto mana da sunan garin da kuka ji kalmar. Wataƙila sunan da muka yi gaggawar ƙirƙira yana nan a bakin wata tsohuwa, ba a tambaye ta ba ne kawai.

Kututturen yana nan. An so a tone shi a yi itacen girki da rani, Inna ta hana, ta ce a bar wa 'yan boko makarantarsu. In ruwa ya zauna bana za mu koma, da takarda da reza, wayar kuma tana aljihu sai mun gama dubawa.

Allah ya sa mu dace, ya tsare alƙalumanmu daga cutar da wani. Muna jiran gyararrakinku.